Littafin dogayen kalmomin Turanci da na saya wa ɗiyata: shafi guda ya ɓata min shi

Da farko na ji daɗin littafin nan, ba zan ɓoye ba. Ina nufin ƙaramin nan mai koren bango da ya cika shagunan littattafai tun da aka fara rajistar JAMB, wanda ya tara dogayen kalmomin Turanci rukuni-rukuni bisa haruffan da suka yi tarayya a kansu. Kun san kuɗinsa, ba sai na faɗa ba. Ko ciniki ban yi ba na biya, don babbar ɗiyata tana aji biyu na babbar sakandare, kuma Turanci ne yake ja mata baya.

Makon farko abin ya ba ni mamaki. Yarinyar da sai an yi da gaske take buɗe ƙamus, sai ga ta bayan sallar isha'i tana zaune tana kwafar kalmomi a bayan tsohon littafin lissafinta. Babin kalmomin da suka ƙare da -ology ne ya kama ta. Ta gane cewa haruffan nan ilimin wani abu suke nufi, bio rai ne, geo ƙasa ce, derma kuma fata. Ranar da muka kai kakarta asibiti ta ɗaga kai ta ga allon da aka rubuta dermatology, ta ce, "Abba, nan ne ɓangaren masu ciwon fata ko?" Ba wanda ya gaya mata. Wallahi ranar har addu'a na yi wa marubucin a zuciyata, washegari kuma na ce wa abokan aikina biyu su saya wa yaransu. Wannan shawarar da na bayar ita ce ta fi damuna yanzu.

Wata Asabar muna cikin cunkoso a titin Zariya, tankar mai tana gabanmu, an rubuta a bayanta da jan fenti HIGHLY INFLAMMABLE. Ƙaninta ya tambaya me aka rubuta. Kafin in buɗe baki ta amsa masa da ƙarfin gwiwa, "Cewa aka yi abin da ke ciki ba ya kama wuta ko kaɗan."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Haka yake a littafin, Abba. Duk kalmar da ta fara da in- korewa ce. Visible ana gani, invisible ba a gani. Flammable mai kama wuta ne, to inflammable shi ne wanda ba ya kamawa. Ƙila ruwa ne a ciki."

Jikina ya yi sanyi. Muna isa gida, ko hula ban cire ba na ce ta kawo min littafin. Ga shi nan kuwa ɓaro-ɓaro. An jero incomprehensible, indistinguishable, inconsiderate, incompetent, duk da ma'anarsu daidai, sai a tsakiyarsu aka cusa inflammable aka fassara ta da abin da wuta ba ta ci. Yarinyar ba ta yi kuskure ba. Abin da aka koya mata ta riƙe, kuma ta riƙe shi da kyau.

Ga wanda bai sani ba, in- ɗin nan iri biyu ce, duk daga Latin Turanci ya aro su. Akwai ta korewa, irin ta invisible. Akwai kuma wadda take nufin shiga cikin abu, ita ce a inflammable, daga inflammare, wato cinna wa abu wuta. Tushensu ɗaya da inflammation, kumburin nan mai zafi da likitoci ke faɗa. Saboda haka flammable da inflammable ma'anarsu ɗaya ce, abu mai saurin kama wuta, kishiyarsu kuma non-flammable. Su kansu Turawan ruɗanin nan ne ya sa masu harkar kariya daga gobara suka fi son a rubuta flammable a jikin kaya. Kowane ƙamus na kirki zai nuna maka wannan cikin minti ɗaya. Mutumin da ya zauna ya rubuta littafi don yara, ya kai maɗaba'a, ya karɓi kuɗinmu, bai iya ba da minti ɗayan nan ba.

Da a ce kalma ce ta jarrabawa kawai, da ban yi zafi haka ba. Amma wannan kalma ce da ake rubutawa a jikin tanka da tukunyar gas da gwangwanin maganin sauro na feshi. Ɗiyata ita take kunna gas da safe in mahaifiyarta tana shirya ƙanana. Ba mu manta da Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, inda tanka ta faɗi a watan Oktoban 2024, jama'a suka taru ɗibar mai, ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ban ce rashin Turanci ne ya jawo wannan ba, kowa ya san halin da ya kai mutane wurin. Abin da nake faɗa shi ne, a ƙasar da muke ganin irin wannan, ba a wasa da kalmar da aka sa don gargaɗi.

Da na ci gaba da duba shafin sai na ga ba ita kaɗai ba ce. Invaluable an ce abu marar amfani, alhali abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ake nufi. Inhabitable an ce wurin da ba a iya zama, alhali wurin da ake iya zama ne, wanda ba a iyawa shi ne uninhabitable. Tambayoyi 60 ne a Turancin JAMB, a ciki akwai na neman kishiyar kalma da na mai kama da ita a ma'ana, kuma irin waɗannan kalmomin su ne tarkon. Ka ga littafin da aka saya don ya tsallakar da yaro shi zai jefa shi ciki.

Da Hausa na yi mata bayani har ta gane. Na ce ta dubi ma- a makaranta da masallaci da mabuɗi da maɗinki, duk daga aiki aka gina su, karatu da salla da buɗewa da ɗinki. Amma mage da madara da mangwaro fa? Su ma da ma- suka fara, ba kuwa abin da ya haɗa su da waɗancan. Haruffa sukan zo ɗaya, asali ya bambanta. Layi biyu na irin wannan gargaɗin da sun wadatar a littafin, amma babu.

Ranar Litinin na koma shagon. Mai shagon mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ni sayarwa kawai nake yi. In kana so in canza maka da wani." To wani ɗin ai shi ne dai. Na juya bangon ina neman adireshi ko lambar waya ta masu bugawa, ba ko ɗaya.

Bayan na huce na so in yi masa adalci. Na zauna da ƙamus dare biyu ina bin babin tele- da na -phobia da na -graph, ban sami kuskure ba, kuma tsarin yana taimaka wa yaro ya riƙe kalma goma a lokacin da zai riƙe ɗaya. Har na fara cewa a raina a ci gaba da amfani da shi, a tsallake shafin nan kawai. Sai na isa babin -ough, raina ya sake ɓaci. An haɗa thoroughfare da breakthrough da thoughtfulness da roughness wuri guda, ba a faɗi yadda ake furta ko ɗaya ba, alhali haruffan huɗu iri ɗaya ne amma kowace da nata sautin. Yaran nan kuma suna da takardar furuci a WAEC. Shafukan ƙarshe kuwa an ɓata su ne a kan kalmomin burga: pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis mai haruffa 45, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1935 a matsayin sunan ciwon huhu na shaƙar ƙura, da antidisestablishmentarianism mai haruffa 28, wadda rikicin cocin Ingila da gwamnati ta shafa. Ina ruwan ɗan aji biyu da su? Wurin da aka ba su da an yi bayanin in- da shi. Bangon ma mako uku ya yi ya rabu da jikinsa, sai da na sa gam.

Na ɗauki jan biro na soke layukan nan uku, na rubuta daidai a gefe, sannan na kira abokan aikina. Ɗaya ya ce ɗansa bai kai shafin ba tukuna. Ɗayan ya yi shiru, ya ce nasa ya riga ya haddace babin gaba ɗaya.

Ɗiyata ba ta daina karanta shi ba, amma ba kamar da ba. Yanzu duk kalmar da ta gani sai ta zo da littafin ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Abba, wannan ma haka take?"