Masachusets: A Ƙayyade Makarantun Yarjejeniya ko a Sake Musu Mara?

A jihar Masachusets ta Amurka, tun 1993 doka ta ba da damar kafa makarantun yarjejeniya: gwamnati ke biya, amma masu zaman kansu ke gudanarwa. Sai dai an sa musu linzami. Gunduma ba ta tura musu fiye da kashi 9 cikin 100 na kuɗin iliminta, ko kashi 18 a gundumomin da suka fi koma baya a sakamakon jarrabawa.

Masu son a sassauta suna nuni da Boston, inda iyaye talakawa ke jerin jiran gurbi, kuma bincike ya nuna ɗaliban waɗannan makarantu na taɓuka abin kirki a jarrabawa. Hujja ce mai nauyi.

Masu son a bar linzamin kuwa lissafi suke yi. Kuɗi na bin ɗalibi duk inda ya koma, amma idan yara uku suka fita daga aji, albashin malamin bai ragu ba, haka kuɗin ɗumama ginin da na motar ɗaukar yara. Jiha ta yi alkawarin cike giɓin na ɗan lokaci, amma shekaru da dama majalisa ba ta ware cikakken kuɗin ba. Ɗaliban da suka rage a makarantun gunduma, ciki har da yara masu buƙata ta musamman, su ke ji a jikinsu. Nan na fi karkata.

A 2016 aka kai maganar akwatin zaɓe: a yarda da ƙarin makarantu har 12 kowace shekara? Kusan kashi 62 suka ce a'a.