Sharhi kan ƙaramar na'urar EMG mai tashoshi biyu, bayan aiki da ita a Jos

Na'urar ta EMG ce, wato gwajin lantarkin da ke cikin tsoka da jijiya don gano ciwonsu. Tashoshi biyu na nufin tana ɗaukar sigina daga wuri biyu lokaci guda. Ƙarama ce, ana jona ta da laftof, tana aiki da allurar gwajin tsoka da kuma elektrod, wato ƙananan faifai masu ɗaukar sigina da ake mannawa a fata. A ganina sakamakonta abin dogaro ne, amma fa sai an gyara mata ɗaki da majiyyaci.

Babbar matsalarta a nan sanyi ne. Da hunturu majiyyaci kan shigo hannunsa kamar ƙanƙara, kuma duk digiri ɗaya da zafin fata ya sauka, gudun saƙon jijiya na raguwa da kusan mita 2 a daƙiƙa. Sai ka ga lafiyayyar jijiya ta yi kama da mai ciwo. Sanyin yana kuma ƙara tsayin igiyar siginar da ke fitowa a allo da faɗinta, ya rage 'yar rawar nan da zaren tsoka ke yi idan ya rabu da jijiyarsa, wadda ita ake nema. Na'urar ba ta zo da ma'aunin zafin fata ba, kuma wannan gibi ne babba. A sayi nasa daban, a jiƙa hannu cikin ruwan ɗumi har ya kai digiri 32, ƙafa kuma 30, kafin a fara.

Sai wuta. Lantarkinmu na 50 Hz ne, wato yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yana shiga allo da wani gurnani daga lasifika, musamman a kan janareta ko soket marar atin, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa. Akwai matatar sigina a na'urar da ke yanke shi, sai dai tana cin wani ɓangare na siginar tsokar. Gara a zare cajar laftof a koma kan batir, a kashe fanka, a manna elektrod na atin tsakanin wurin da ake sa wa jijiya wuta da wurin ɗaukar sigina. Basilin da ake shafawa saboda kaushin hunturu ma yana hana mannuwa. A goge fatar da auduga da sifirit.

Wajen allura ta burge ni. Da matata a kan 20 Hz zuwa 10 kHz, sautin yana fita tas. Sai dai kada a dogara da tsayin igiya kaɗai, domin ɗan motsa allura kaɗan yana sauya shi. Tsawon lokacin igiyar, wanda a lafiyayyar tsoka yakan kama milisakan 5 zuwa 15 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), bai cika sauyawa haka ba. Mai son lissafi sosai ya tara igiyoyi 20 daga wurare daban-daban na tsoka ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne a turo wanda ya yi hatsarin babur shekaranjiya. Alamar yankewar jijiya ba ta bayyana a tsoka sai bayan mako 2 zuwa 3, don haka gwajin gaggawa kan iya ɓoye raunin. Allurar kuma ta mutum ɗaya ce, a jefar bayan an gama. A sa kuɗinta cikin lissafi tun kafin sayen na'urar.