Na yi gwajin homon na sitiroyid da na'urar LC-MS/MS: ga yadda na same shi

Duk macen da likita ya ce a auna mata testosteron, ko ɗaya daga cikin homon ɗin da ke fitowa daga adirinal (ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda), shawarata ita ce ta tambayi ɗakin gwajin wace hanya suke bi wajen awon tun kafin ta miƙa hannu a ɗebi jini. Na yi gwajin ta hanyoyi biyu, na kuma ga bambancinsu a takarda. Na biyun ne zan yi sharhi a kansa, wato wanda ake auna homon na sitiroyid da yawa a tashi ɗaya daga jini ɗaya, da na'urar da ake kira LC-MS/MS. Na gamsu da shi ƙwarai, ko da yake akwai wuraren da hidimar ta gaza, zan kuma faɗe su.

Na daɗe ina fama da rikicewar al'ada, da ƙurajen fuska marasa jin magani, da gashi a haɓa. Duk likitan da ya duba ni sai ya ce PCOS ce, wato matsalar homon da ke shafar jakar ƙwan mace, ban kuma ga laifinsu ba, domin alamomin iri ɗaya ne. An auna mini testosteron a wurare biyu ba da tazara mai yawa ba, ɗaya ya ce ya hau, ɗayan ya ce lafiya lau. A cikin takardun biyu babu wadda ta rubuta hanyar da aka bi ko lokacin da aka ɗebi jinin. Wata likitar homon ce ta ture su gefe ta ce: "Malama, waɗannan ba za su yanke mana hukunci ba. A sake, amma da na'urar da ke tantance su ɗaya bayan ɗaya, a kuma haɗa da homon ɗin 17-OHP."

Dalilinta, kamar yadda ta yi mini bayani na kuma ƙara karantawa daga baya, shi ne homon na sitiroyid duk daga kolestarol jiki yake ƙera su: kotisol, aldosteron, testosteron, estradiyol, furojesteron. Ginshiƙinsu ɗaya ne, zobba huɗu na kabon a haɗe, bambancin kawai ɗan abin da ke maƙale a gefe. Yawancin ɗakunan gwaji suna amfani da ƙwayoyin garkuwa ne, a zuba wadda aka tanada don ta kama homon guda, sannan a lissafa yawan abin da ta kama. Rosalyn Yalow da Solomon Berson ne suka buɗe wannan hanya a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 da awon insulin, har Yalow ta samu kyautar Nobel a 1977. Hanya ce mai sauri da ta taimaki marasa lafiya masu yawa, ba abin rainawa ba ce. Rauninta a kan sitiroyid shi ne da fuska take gane su, kamar baƙon da ya shiga gidan da 'yan'uwa suke kama da juna, ya kira wannan, wancan ya amsa. A jinin namiji, inda testosteron yake da yawa, ɗan kuskuren ba ya sauya komai. A jinin mace kuwa, inda yawanci bai kai kashi ɗaya cikin goma na na namiji ba, wannan ɗan kuskuren ya isa ya ɗaga lamba daga daidai zuwa sama da ƙima. Tun a 2007 ƙungiyar likitocin homon ta Endocrine Society ta fitar da matsayarta cewa irin wannan awo ba abin dogaro ba ne sosai ga mata da yara.

Ita LC-MS/MS mataki biyu take bi. Da farko ana tura ruwan jinin ta cikin wani siririn bututu cike da ƙananan ƙwayoyi, kowane homon ya fito a nasa lokacin, wani da wuri, wani a makare. Sannan a auna nauyin kowanne, a farfasa shi, a sake auna gutsattsarin. Matakin farkon ba ado ba ne, domin testosteron da wani homon na adirinal mai suna DHEA nauyinsu ɗaya ne daidai, sai an raba su tukuna awon nauyi zai yi ma'ana.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne shirin da suka sa ni na yi. Ba su karɓi jinina a ranar da na fara zuwa ba. Ma'aikaciyar ta ce in dawo kafin ƙarfe 8 na safe, a cikin kwanakin farko na zagayen al'ada. Kotisol da 17-OHP suna hawa ne da asuba, su yi ta sauka har tsakar dare, don haka jinin yamma zai iya ɓoye matsala. Bayan fitar ƙwai kuma 17-OHP yana ƙaruwa ko a jikin mace mai lafiya, sai a ga kamar akwai cuta alhali babu. A wuraren da na je a baya ba wanda ya tambaye ni ranar al'adata, balle ya damu da agogo.

Ta kuma zauna ta rubuta duk abin da nake sha ko shafawa, tana faɗa mini dalilin kowace tambaya. Ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da estrojin tana ƙara yawan furotin ɗin da ke ɗaukar kotisol a jini, sai lambar kotisol ta hau ba tare da wata cuta ba. Man shafawa mai ɗauke da sitiroyid, da maganin shaƙa na asma, da allurar da ake yi a gaɓa, duk suna iya sa adirinal ta rage aiki, lambobin su faɗi. A nan ina so mata su lura sosai: mayukan da ke sa hasken fata da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wasu ma ba a rubuta a jikin kwalin ba, kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Wadda take shafawa ta faɗa wa ɗakin gwajin gaskiya, ba wurin jin kunya ba ne. Ni abin da nake sha shi ne ƙwayar bayotin, wani nau'in bitamin, saboda gashin kaina da ke zubewa. Ta ce ba ya rikita wannan na'urar, amma yana rikita wasu gwaje-gwajen ƙwayoyin garkuwa, har hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2017. A irin wannan awo bayotin yana iya sa sitiroyid ya fito sama da yadda yake.

Takardar da ta fito ta rubuta hanyar awo, da lokacin ɗibar jini, da iyakar da ta dace da mace mai shekaruna a wannan mataki na al'ada. Testosteron ɗina ya ɗan hau ne kawai. Wanda ya ja hankalin likita shi ne 17-OHP, ya wuce 200 ng/dL, wato iyakar da idan an haura ta ake ci gaba da bincike.

Shi 17-OHP zango ne a kan hanyar ƙera kotisol. Adirinal, waɗannan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, suna buƙatar wani enzayim, wato sinadarin da ke juya wani abu zuwa wani a jiki, mai suna 21-hydroxylase, don su wuce da shi gaba. Idan enzayim ɗin ya yi rauni sai 17-OHP ya taru, jiki ya karkatar da shi wajen ƙera homon na maza. Don a tabbatar, aka yi mini gwajin allurar ACTH: a ɗebi jini, a yi allurar maikirogiram 250 ta sinadarin da ke zaburar da adirinal, a sake ɗiba bayan minti 60. Na ɗan ji ɗumi a fuska na ɗan lokaci, shi ke nan. Ƙa'idar ita ce idan 17-OHP ya wuce 1,000 ng/dL, kusan 30 nmol/L ke nan, an samu amsa. Nawa ya wuce. Ashe ba PCOS ba ce, cutar adirinal ce ta gado da ake kira CAH, nau'inta mai sauƙi wanda ke bayyana a makare.

Mai tsananin ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Tana samun kusan jariri 1 cikin 15,000, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu ba sa iya riƙe gishiri a jiki, abin da kan iya kashe jariri a makonnin farko idan ba a gano ba. A 1950 ne Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins ya nuna cewa maganin kotizon yana shawo kanta, a shekarar da Kendall da Reichstein da Hench suka samu Nobel a kan homon ɗin adirinal. Yau ƙasashe da dama suna auna 17-OHP daga ɗigon jinin dunduniyar kowane jariri. Awon farko na ƙwayoyin garkuwa yana yawan tayar da hankalin iyaye a banza, musamman na bakwaini, shi ya sa ƙa'idojin Endocrine Society na 2018 suka ba da shawarar a sake tantancewa da LC-MS/MS. Da na karanta wannan sai na ƙara ganin darajar na'urar, domin a can rai ne a kan layi, ba ƙurajen fuska ba.

Daga nan likita ta ce a duba ƙwayar gadon da ke ƙera wancan enzayim ɗin, wato CYP21A2, wadda ke kan kuromosom na 6, ita ce kuma sanadin fiye da kashi 90 cikin 100 na masu CAH. Karanta ta yana da wuya, domin dab da ita akwai wata ƙwaya mai kama da ita kusan kashi 98 cikin 100 wadda ba ta aiki, kuma yawancin lahanin daga wannan maƙwabciyar yake tsallakowa. Ɗakin gwajin da bai ƙware ba zai iya karanta matacciyar a madadin mai rai. Sakamakona ya nuna lahani biyu daban: ɗaya mai sauƙi daga ɓangare guda na iyayena, ɗaya mai tsanani daga ɗaya ɓangaren. Mai sauƙin ne ya sa cutar ta zo mini da sauƙi, amma mai tsananin yana nan, zan iya gadar da shi. Gadon irin na sikila ne, sai an samu daga uwa da uba. Idan maigidana yana ɗauke da lahani mai tsanani, kuma kusan mutum 1 cikin 60 yana ɗauke da shi bai sani ba, to kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zuwa da nau'in mai tsanani. Awon homon kaɗai ba zai taɓa faɗa mini wannan ba. A ganina duk macen da aka tabbatar mata da CAH mai sauƙi, kuma tana da niyyar haihuwa, wannan gwajin ya cancanci ta yi.

Inda hidimar ta gaza kuwa, na farko jira ne. Ba kullum ake kunna wannan awo ba, sai an tara samfura, na ƙwayar gado ma ya fi daɗewa, ba su kuma faɗa mini haka tun farko ba. Na biyu ya fi damuna: sun turo mini sakamakon ƙwayar gado ta waya kafin ya isa hannun likita, shafi cike da haruffa da lambobi, da kalmar da ke nufin "mai haddasa cuta" an ja mata layi, babu ko jimla ɗaya ta bayani. Na kwana cikin fargaba a kan abin da likita ta warware mini cikin ɗan lokaci. Sakamakon gado ba na mutum ɗaya ba ne, ya shafi 'yan'uwansa da 'ya'yansa, bai kamata a saki irinsa ba tare da mai bayani ba. Akwai kuma rikicin ma'auni. Wani wuri ng/dL yake rubutawa, wani nmol/L, 200 a wannan kusan 6 ne a wancan, kuma takardar ba ta nuna yadda ake juyawa ba. Wanda ya ɗora tsohuwar takarda kusa da sabuwa zai ɗauka lambarsa ta faɗi warwas.

Ba kowa ke buƙatar wannan gwaji ba. Namijin da ake duba masa testosteron, sau da yawa awon da aka saba ya wadatar idan an yi shi da safe an kuma maimaita. Wanda zai fi cin moriyarsa shi ne mace, da yaro, da jariri, da wanda yake shan magani irin su furednisolon da ke shiga cikin awon kotisol na ƙwayoyin garkuwa, da duk wanda lambobinsa suka saba wa abin da likita ke gani a jikinsa. Na'urar ma ita kaɗai ba ta isa ba, sai ɗakin gwajin yana kula da ingancinsa; cibiyar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tana da shiri na musamman na daidaita awon homon tsakanin ɗakunan gwaji, ana kuma iya tambaya ko wurin yana shiga irin wannan tantancewa daga waje.

Yanzu ina kan kulawar likita, mun kuma yi magana a kan gwajin maigidana kafin mu sake neman haihuwa. Ta ce in riƙa maimaita awon a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na safiya, don lambobin su yi magana da juna. Ta kuma gargaɗe ni kada in sa ran ganin 17-OHP ya koma daidai da na kowa, domin ga mai shan magani hakan yakan nuna maganin ya yi yawa ne, kuma yawan sitiroyid yana da nasa illolin a ƙashi da nauyin jiki da sukarin jini.