Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna: ya dace da iyalin da ke son ziyara duk wata?

Iyalin da ke zaune a Abuja, kakannin yara kuma suna Kaduna, sun san yadda zumunci ke komawa sai sallah-sallah. Ba kuɗin mota kaɗai ke hanawa ba, har da gajiyar hanya da fargabarta. Jirgin ƙasan da aka ƙaddamar a Yulin 2016 ya rage wannan wahala sosai, amma sai an iya masa.

Tsawon layin kilomita 186 ne, daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, kuma tafiyar kan ci awa biyu da 'yan kai zuwa uku. Ribar mai yara a bayyane take: akwai banɗaki a cikin jirgi, yaro zai miƙe ƙafa in ya gaji da zama, mai goyo ta shayar ba tare da roƙon direba ya tsaya ba. Sai dai sanyin tarago yana kama ƙananan yara, don haka a saka rigar sanyi a jakar hannu, ba a ƙasan akwati ba.

Tikiti shi ne inda shiri ke rushewa. Tun 2021 ana saye ta intanet, kuma tun da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022, bayan harin da ya tsayar da shi, ana neman lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. A tabbatar sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na katin shaida, don a bakin ƙofa ake dubawa. A sayi na kowa a zama ɗaya. In aka saya ɗai-ɗai, sai ka ga uwa a wannan tarago, 'yarta a wancan, a koma roƙon fasinjoji su yi musaya. Yammacin Juma'a da na Lahadi kujeru ba sa jimawa, balle ana gobe sallah. Mafita ita ce a tafi Asabar da safe, a dawo da jirgin farko na Lahadi. Tikitin 'yan cuwa-cuwa kuwa a bar shi, ga tsada ga sunan wani a kai.

Mutanen Gwarinpa, Dutse da Bwari su hau a Kubwa, ya fi musu kusa nesa ba kusa ba. A Kaduna kuma Rigasa ba tsakiyar gari ba ce, gara a tanadi mai ɗauka tun kafin a sauka, maimakon cinikin Keke Napep da yara da kaya a hannu. A isa tasha da tazarar aƙalla minti 45 saboda layin bincike.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. An kai wa jirgin hari ranar 28 ga Maris 2022, ya yi fiye da wata takwas ba ya aiki, kuma ya sauka daga kan layi a Agustan 2025. Yawan zirga-zirgarsa ma yakan canja, shi ya sa ake duba jadawali a makon tafiya, kada a dogara da na watan jiya.

Ga iyalin da suka ware ƙarshen mako guda a kowane wata, suka cire kuɗin tikiti ranar da albashi ya shigo, jirgin ya biya. Ga mai tashi tsaye ba shiri, mota ta fi masa.