Na yarda da dodo mai aman wuta, amma hankakan nan ban yafe masa ba

Ni dai na makara. Jama'a sun gama kallon Game of Thrones, shirin Turawa mai dogon zango, tun 2019, sun yi zage-zagensu sun watse, ni sai bana na je wurin yaron da ke tura mana finafinai a bakin kasuwa na ce ya loda min duka zango takwas ɗin a memori. Kashi 73 cif. Kuɗin kun san yadda yake, ba sai na faɗa ba, kuma ban ce ya cuce ni ba, duk da a zango na uku rubutun ƙasan allo yana riga baki fita, sai ka karanta an kashe mutum tun ba a zare takobi ba. Wannan na haƙura. Wanda zai kalla kuma ya riƙe rimot a hannu, don akwai wuraren da ba a kallo da yara, ba a kuma kallo da manya.

Tare muka kalla da Yayana, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Turancinsa na hanya ne, ni nake fassara masa abin da ya shige masa duhu. Ni yaƙe-yaƙen da makircin fada ne suka kama ni, shi kuwa hanya ce ta kama shi. Tun a kashi na farko, da sarki ya iso Winterfell a arewa daga King's Landing, babban birnin, da ayarinsa, matarsa ta yi ƙorafin cewa wata guda suka yi a kan hanya, Yaya ya gyara zama ya ce, "Auta, waɗannan sun san tafiya." Daga ranar bai ƙara fashin kallo ba.

Kuma gaskiyarsa. Zango shida shirin nan yana koya mana cewa nisa abin tsoro ne. A hanya aka sare wa Jaime hannu. Arya da ƙaton nan mai ƙonanniyar fuska zango guda suka cinye suna gararamba a daji, yau su ƙwaci kaza, gobe su kwana da yunwa. Bran kuwa, gurgu, jan sa aka yi ta yi zango bayan zango kafin ya kai inda za shi. In mutum ya bar gari a shirin nan, sai ka ji gabanka ya faɗi, don ka san ko ya isa ba zai isa yadda ya tashi ba. In aka ce taimako yana kudu, to ka fara yi wa na arewa addu'a. Har zuwa nan, da an tambaye ni, cewa zan yi ban taɓa sayen abin da ya biya ni kuɗina kamar memorin nan ba.

Sai ga zango na bakwai, kashi na shida, wanda aka fara haskawa a watan Agusta na 2017.

Jon Snow ne, ɗan gidan Winterfell, da mutum shida, da wasu 'yan rakiya da ko suna ba a ba su ba don an san mutuwa za su yi, suka tsallaka Katangar ƙanƙara da ke can ƙarshen arewa za su kamo gawa mai tafiya guda ɗaya su kai wa sarauniyar babban birnin shaida. Dabarar kanta abin dariya ce, amma mu bar kaza cikin gashinta. Sun yi ta tafiya a ƙasa, hira kala-kala, guguwar ƙanƙara ta rufe su, wata ƙatuwar dabba ta yayyage ɗayansu, Thoros, suka ci gaba da tafiya. Da suka kama gawar ta kurma ihu, rundunar matattu ta taso. Nan Jon ya juya ya ce wa Gendry ya ruga Eastwatch, sansanin da ke jikin Katangar, a aika wa Daenerys, sarauniya mai dodanni, hankaka da wasiƙar neman ɗauki. Gendry fa, maƙerin da a cikin wannan kashin da bakinsa ya ce bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Ya bar gudumarsa ya zura da gudu. Sauran suka maƙale a kan wani ɗan dutse a tsakiyar daskararren tafki, ƙanƙarar ta fashe ta raba su da matattun da suka yi musu zobe.

Gendry ya iso bakin ƙofa ya faɗi, bai ɓata ba, bai daskare ba. Aka saki hankaka. Kafin in gama fassara wa Yaya abin da Davos, na hannun daman Jon, ya ce, sai ga Daenerys a Dragonstone ta sha farar rigar sanyi tana musu da wazirinta Tyrion, za ta hau dodo.

"Dakatar," in ji Yaya.

Na danna.

"Ina ne can inda yarinyar take?"

Na ce kudu, tsibiri ne kusa da babban birnin.

"Birnin da aka yi wata guda daga shi zuwa gidan su Jon?"

Na ce shi.

"Kuma Katangar tana gaba da gidan su Jon?"

Na ce nesa ma kuwa.

Ya yi shiru yana kallon allon da ya tsaya cak. Can ya ce, "Annabi Sulaimanu, Alaihis Salam, shi aka hore wa iska, tafiyar wata a safiya ɗaya. Wannan hankakan wa ya hore masa?"

A daren ban yi barci da wuri ba. Na sauko da taswirar ƙasar tasu daga intanet, na karya tsinken tsintsiya daidai tsawon Katangar, don an faɗa tsawonta mil 300 ne, wato kusan kilomita 480, ya ɗan ɗara Kano zuwa Abuja. Na riƙa jera tsinken daga Eastwatch zuwa Dragonstone. Sau biyar ya shiga, har da saura. Ka ga ya haura kilomita 2,400 ke nan, Kano zuwa Legas zuwa da dawowa da ɗoriya. Ni na yi kiwon tattabaru tun ina yaro, na san tsuntsu. Tattabarar tsere mai kyau, wadda Turawa ke kashe wa kuɗi, tana yin wajen kilomita 80 a awa. In ka ba hankakan wannan gudun, ka hana shi sauka shan ruwa, ka hana shi barci, ka hana iska ta juya masa, awa 30 yake buƙata. Ba a sa gudun Gendry ba. Ba a sa dawowar dodo ba, da mace a bayansa ba sirdi ba linzami, tana riƙe da ƙayoyin bayansa cikin sanyin da ke daskarar da tafki. A lissafina, ko an yi musu rangwame iya rangwame, kwana uku zuwa huɗu ne. Mu kuwa dare ɗaya aka nuna mana. Gari ya waye, Thoros ya mutu, aka ƙone shi, shi ke nan.

Washegari na zo da kariya, don ban son a ɓata min abin da nake so. Na ce Yaya, ai ruwan da ya fashe sai da ya sake daskarewa har ya ɗauki runduna, wannan ba aikin dare ɗaya ba ne, wataƙila kwanaki suka yi ba a nuna ba. Ya ce to me suka ci? Wa ya ga guzuri a hannunsu? Wace wuta suka ji, ban da takobin nan mai ci da wuta? Ya ce shi ya taɓa kwana uku mota ta lalace masa a daji, da gari da sukari da ruwa a jarka, ba sanyi ba matattu, kuma da ya dawo gida sai da Inna ta yi kuka don ramar da ya yi. Waɗannan kuwa ko leɓensu bai tsage ba. Na rasa ta cewa.

Amma zan faɗi gaskiya, da muka ci gaba da kallon, na manta da tsinken tsintsiya. Lokacin da aka ci su da yaƙi, an ja Tormund za a nutsar da shi, Jon ya ɗaga takobi ya sallama, sai wuta ta keto daga sama, dodanni uku a jere, wallahi miƙewa na yi tsaye. Yaya da kansa sai da ya ce "Allahu Akbar" da ƙarfi har aka leƙo daga cikin gida. Da sarkin matattun ya ɗauki mashin ƙanƙara ya jefi Viserion, ɗaya daga cikin dodannin, jini ya tsiyayo kamar an fasa tanki, ya faɗo ya nutse a hankali idonsa na rufewa, sai da na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Aikin hoto dai an yi shi, ba mai ƙwace musu wannan. A lokacin na ce a raina, kai, a yafe musu, wa ya damu da hankaka.

Sai suka jawo sarƙoƙi. Manya-manyan sarƙoƙi irin na jirgin ruwa, matattu sun jeru suna jan gawar dodon daga ƙasan tafkin. A ina suka samo su a dajin da ko bukka babu? Wa ya nutsa ya ɗaura, bayan tsoron ruwan nan ne ya tsayar da su dare guda? Nan duk abin da na haɗiye ya dawo min. Na tuna wani bafade, Varys, a ƙarshen zango na shida, yanzu yana Dorne a can kudu, an jima kaɗan ga shi tsaye a jirgi bayan Daenerys a wancan ƙetaren teku. Na tuna jiragen ruwan Euron, ɗan fashin teku, da ke bayyana duk gaɓar da ake buƙatarsu, gabas ko yamma. Na tuna a kashi na biyar Jon ya tashi daga Dragonstone ya isa Eastwatch kafin shayina ya huce. Abin haushin ma, wannan Gendry ɗin shi ne aka sa a kwalekwale a 2013 ya tuƙa ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba sai 2017. Mutumin da ya shekara huɗu bai kai gaɓa ba, yau shi ne ya fi kowa sauri.

Kar a ce ban san fim ba. Ba na neman a nuna min duk inda aka tsaya shan mai. Ko kakarmu in tana tatsuniya cewa take "suna nan tafe, suna nan tafe, kwana da kwanaki," ta wuce wurin, ba wanda ya taɓa tuhumar ta. In kuma tana son mutum ya isa cikin ƙiftawar ido, sai ta kawo aljani ya ɗauke shi, ta faɗa maka aljani ne. Namu finafinan ma suna yi, a bar Kano bayan Azahar a shiga Maiduguri La'asar ba ta yi ba, tafiyar kusan kilomita 600, mu yi dariya mu wuce, don ba ran kowa ne ya rataya a kan agogon ba. A nan kuwa su da kansu suka kunna agogo. Suka ɗora mutane a kan dutse cikin sanyi suka ce mana kowace awa tana cin ransu, sannan a ɗaya ɓangaren suka kashe agogon. Dodo ban taɓa gani ba, duk gudun da suka ce yana yi zan karɓa. Amma na san ƙafar mutum, na san fiffiken tsuntsu, kuma su ne suka shafe shekara shida suna rantse min cewa a ƙasarsu waɗannan biyun irin namu ne.

Daga baya na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Daraktan kashin, Alan Taylor, da aka matsa masa a hira ya amsa cewa sun san lissafin lokacin bai fita fes ba. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Zango shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai aka mayar da shi bakwai, na takwas shida. Littattafan George R. R. Martin da ake bi kuwa biyar ne suka fito, na ƙarshensu tun 2011, shirin ya riga ya wuce su. Labari ya yi yawa, wuri ya yi kaɗan, sai aka matse hanya. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne gyaran ba shi da tsada. Yaya, da bai yi makarantar fim ba, yana kwance a tabarma ya warware shi: a ce hankalin yarinyar bai kwanta ba tun tafiyarsu, ta biyo su da dodanninta ta sauka a Eastwatch tana jira. Gendry na isowa ta tashi. Ba hankaka, ba kilomita dubu biyu. Ko kuma a nuna dare uku, a nuna suna rabon busasshen nama ɗaya, ɗan minti biyu ya isa. Mutanen da suka iya zana dodo har ana ganin jijiyar fiffikensa, wannan ne ya gagare su.

To in saya ko kar in saya? Wanda ya tambaye ni a makon farko na ce masa ya ruga. Yanzu cewa nake ya loda ɗaya zuwa shida da zuciya ɗaya, na bakwai kuma ya kalla shi kaɗai, kar ya zauna da direba. Mu dai mun lallaɓa mun gama na takwas, amma Yaya ya daina gyara zama. Duk wanda ya yi sallama zai bar gari a allon, sai ya ce min, "Auta, tambaye shi, ta hanya zai bi ko ta hankaka?" Jiya ma da aka aiki yaro sayen burodi ya daɗe, ina jin sa daga zaure yana cewa da Gendry aka aika.

Memorin yana wurin maƙwabcina yanzu, ya kai zango na biyu, ban gaya masa komai ba. In ya dawo da shi zan koma wurin yaron nan ya gyara min rubutun zango na uku, don wannan zangon zan sake kallo.