Silikon, jelatin ko ruwan roba: da me za ka haɗa raunin fim ɗin ban tsoro idan kuɗinka kaɗan ne

Fim ɗin tsoro mai zubar da jini, irin wanda ake yanka ana farke ciki a gaban kyamara, a wurin rauni yake tashi ko ya faɗi. 'Yan kallo za su yafe maka ƙarancin haske da rashin sanannen jarumi, amma da zarar bakin yanka ya ɗago kamar ɓawon rogo, dariya za su fashe da ita. Damien Leone ya yi Terrifier 2 a 2022 da kusan dala 250,000, fim ɗin ya kawo sama da miliyan 15, kuma da hannunsa ya haɗa raunukan. Saboda haka kafin ka ci bashin sabuwar kyamara, zauna ka yanke da wace fata za ka yi aiki.

Ruwan roba, wato lateks, shi kowa ke farawa da shi don arha. Ka shafa, ka ɗora auduga ko tishu, ya bushe. Ya isa ga gawa ta bakwai da ke kwance can bayan fage. Kusa da kyamara kuwa ƙyalli yake yi, yana ƙanƙancewa, ga warin amoniya mai sa hawaye, kuma akwai masu jikin da bai karɓarsa sam. Soson roba da ake gasawa ban ma tsaya kansa ba: sai da injin kaɗi, sai da tanda ta daban wadda ba za a sake gasa abinci a ciki ba.

Jelatin ya fi cancantar a saurare shi. Da gilisarin da sobitol ake dafa shi, haske yana ratsa shi kamar naman gaske, in ka ɓata ka narkar ka sake zubawa. Matsalarsa zafi da gumi. Turawan da ke yabonsa a ƙasar sanyi suke aiki. Ka liƙa shi a wuyan mutum da azahar a watan Afrilu, ga fitilu biyu a kansa, kafin darakta ya gama gardama da mai kyamara raunin ya fara gangarowa ƙirji. Sannan kaso mafi girma na jelatin ɗin kasuwar duniya daga fatar alade ake samo shi. Akwai na shanu, amma sai ka tambaya, don jarumin da za ka manna wa a fuska yana da hakkin sani. Ni a hanji da hanta kawai nake amfani da shi, su zauna cikin kula da ƙanƙara har lokacin ɗauka.

Wanda nake kashe kuɗina a kai shi ne silikon mai haɗin filatinam, irin PlatSil Gel-10 na kamfanin Polytek ko Dragon Skin na Smooth-On. Kashi biyu yake zuwa, A da B, ka auna daidai wa daida a sikeli, ka gauraya. Gel-10 yana ba ka kamar minti biyar zuwa shida na aiki, cikin rabin awa ka ciro shi daga mazubi, wato abin da ake zuba shi a ciki ya ɗauki siffar raunin. Zafi bai narkar da shi, sai dai ya sa shi saurin kamawa, shi ya sa nake sanyaya robobin A da B kafin haɗi. Launin a cikinsa ake zubawa tun yana ruwa, a barbaɗa ɗan jan gashin ulu mai laushi, sai ka ga kamar jijiyoyi a ƙarƙashin fata. In ka ƙara masa sinadarin da ke kashe taurinsa, jarumi na haɗiyar yawu maƙogwaron bogi na motsi tare da shi. Na taɓa tsayawa ina kallon wata mai kawo mana abinci ta ajiye kula ta juya baya, ta ƙi kallon kuncin da na gama liƙawa, alhali ta ga lokacin da na ciro shi daga leda.

Yana da nasa fitina. Gam na yau da kullum bai riƙe shi, sai gam ɗin silikon, ko kuma ka lulluɓe shi da siririn filastik tun a mazubi, wanda ake narkar da bakinsa ya saje da fata. Fenti ma sai mai tashi da sifirit. Kuma yana da tsada, babu ɓoye-ɓoye. Dabarar ita ce ka sayi ƙaramin haɗi, ka ware shi ga raunuka uku ko huɗu da kyamara za ta shiga cikinsu, sauran a yi da ruwan roba da duhu.

To, a nan ne 'yan damfara suke jira. Shekarun baya na tura kuɗi ga wani mai talla a intanet, ya aiko min robobi biyu farare, ba takarda, ba lamba, an rubuta A da B da alƙalamin maka. Ya ce daga babban duro ya ɗiba, shi ya sa ya yi sauƙi. Na zuba a mazubin da na kwana biyar ina sassaƙawa. Washegari abin yana nan kamar kunun da ya kwana, yana bin yatsa. Mutum goma sha ɗaya na jira a lokeshan, an biya hayar janareta, muka tashi ba mu ɗauki komai ba. Wayarsa kuwa tun daga ranar a kashe.

Tun daga nan ba na sayen abin da aka juye. Robar silikon ta zo da hatimin kamfani, da lambar zubi, da takardar bayanin da ke cewa ya dace da fata. In mai kaya ya ce ai duk silikon ɗaya ne, kama hanyarka. Akwai mai haɗin kuza, wanda ake zuba ɗan digon maganin kamawa a babban kaso. Na yin mazubi ne, ba a ɗora shi a jikin mutum. Mafi muni shi ne na 'yan gilashi da masu gyaran banɗaki, wanda ke cikin bututu. Buɗe ka shinshina: in ka ji tsami kamar binega, asid ne yake fitarwa yayin bushewa, kuma na ga an shafa shi a kumatun yaro an tashi da jan tabo. Wasu kuma na gasken suke tsinkawa da mai don ya yi auki, wasu su sayar maka wanda ya shekara biyu a shago cikin zafi. Ka roƙi cokali ɗaya na kowane kashi, ka haɗa a murfin kwalba a gaban mai shagon, ka jira. In ya ƙi, ka samu amsarka.

Sai dai kafin ka zargi kowa, duba hannunka. Safar hannu ta lateks tana hana silikon na gaske kamawa, haka yumɓun sassaƙa mai farar wuta a ciki. Safar naitiril za ka saya, da yumɓun da aka rubuta babu farar wuta. Kuma kada wani ya ruɗe ka da zuba filastar silin kai tsaye a fuska ko hannu don ɗaukar siffa. Zafi take yi idan tana daskarewa, tana ƙona mutum. Aljinet na likitocin haƙori shi ake fara shafawa.

Jini kam kada ka sayi na kwalba sai wanda zai shiga baki ko kusa da ido. Ruwan gulukos na masu kek, jar kalar abinci, ɗigon shuɗi da ɗan garin koko sun wadatar. Da ruwan zaƙin masara da kala aka yi jinin The Evil Dead na 1981. Ka dai tanadi mafici saboda ƙuda. Kayan ciki daga mahauta kuwa, a Day of the Dead na 1985 an zare wa firjin da aka ajiye su wuta, suka ruɓe, a haka aka ɗauki fitowar da su, jarumin na kwance a cikin warin. Wutarmu ba sai an zare ba take tafiya, don haka hanjina na jelatin ne.