Batirin sola: mai ruwa, busasshe ko litiyom?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta ya koma sai da lissafi. Duhun kwana da kwanaki da Arewa ta sha a ƙarshen Oktoban 2024 kuma ya ƙarasa shawo kan masu jan ƙafa. Yau a Bauchi, daga Yelwa har Fadaman Mada, farantan sola ne birjik a kan rufi, gidaje da yawa sun mai da wutar NEPA ta ko-ta-kwana. Rana kam Allah ya hore mana, faranti mai kyau kuma yakan haura shekara 20. Inda kuɗi ke nutsewa shi ne batir, don haka a nan ya kamata a tsaya a yi tunani.

Batirin mota a cire shi a lissafi, an ƙera shi ne don tayar da inji na daƙiƙoƙi. Busasshe, wato jel, ba ya shiri da zafinmu: duk batirin dalma (da busasshe da mai ruwa duka na dalma ne), idan zafi ya ƙaru da kimanin digiri 10 a kan 25, rayuwarsa na raguwa da rabi, mu kuwa a Maris da Afrilu muna taɓa 40. In ya bushe a ciki babu ta inda za a ƙara masa ruwa.

Mai ruwa, wanda ake kira tubula, yana da haƙuri. Guda mai 12V 200Ah yana ɗauke da 2.4kWh (wato yunit 2.4 na mitar NEPA) a rubuce, amma rabi kawai za ka ci idan kana so ya daɗe. Yana son ruwan batir tatacce duk wata biyu ko uku (ruwan rijiya ko na leda kashe shi yake yi), yana son ɗaki mai iska saboda gas ɗin da yake fitarwa, kuma a hankali yake shan caji, kamar amfiya 20. Nan ne matsalar take. A watan Agusta da hadari, ko lokacin hazo, rana za ta faɗi bai cika ba, kuma batirin dalma da ke kwana ba a cike ba farantansa na ciki suna yin tsauri, ƙarfinsa ya tafi ba dawowa.

Litiyom nau'in LiFePO4 shi ne abin saye ga wanda aljihunsa zai kai. Akwati ɗaya mai 51.2V 100Ah ƙwayoyi (ƙananan batura) 16 ne a jere a cikinsa, kowace 3.2V, jimilla 5.12kWh, kuma za ka iya cin kashi 80 zuwa 90 kullum. Kusan abin da tubula huɗu za su ba ka ke nan, a nauyin da bai kai na guda ɗayansu ba. Yana karɓar amfiya 50 hankali kwance, saboda haka tsakanin hantsi da azahar ya cika. Kwana rabi-rabi ba ya cutar da shi, ba ruwa, ba tsatsa a inda ake ɗaura waya. Masu ƙera shi suna rubuta caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, ko ka yanke rabi ya bar tubula a baya. Sharaɗi biyu ne: inbatarka, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ta zama tana da saitin litiyom, kuma kada a jingina shi a ɗakin kwano da ke dafuwa da rana.

To amma fa a nan 'yan algus suka fi yin kasuwa. Akwati mai sheƙi ba shaida ba ne. Wasu ƙwayoyin gwanjo suke harhaɗawa, wasu su sa masu 70Ah su manna takardar 100Ah. Ka sa a auna shi a sikeli: na gaske yakan kai kilo 40 zuwa 50. Ka ce a nuna maka ƙarfin kowace ƙwaya a allon batirin ko a manhajarsa. Idan ɗaya ta yi nisa da 'yan uwanta, bar shi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika shi, a cire faranti da NEPA, a ɗora masa kaya na wat 1,000. Ya kamata ya haura awa huɗu. Mai shagon da ya ƙi rubuta wannan sharaɗin da lambar batirin a rasit ya riga ya ba ka amsa.

Nauyi kaɗai ma ba ya isa a busasshen batir, don akwai masu cusa gilashi ko yashi a ciki. Faranti kuma ka je da tef: mai wat 550 tsawonsa kimanin mita 2.27 ne, faɗi 1.13. Wanda bai kai mita biyu ba aka rubuta masa 550, tambarin ne kawai sabo. Waya ma ka kankare bakinta da wuƙa. In ta yi fari a ciki, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, za ta yi zafi ta cinye cajin kafin ya isa batir. Tsakanin batir mai 48V da inbata ta 5kVA, kada ka yarda da ƙasa da 25mm² na jan ƙarfe zalla, da fis ko bireka ta DC, wato irin ta wutar batir, kusa da batirin.